Ranar da Tuta ta Tsayar da Babana

Sun zagaye lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, da katanga. Na san dalili, kuma ban ga laifin kowa ba. Zamani ne na tsoro, yaran da aka kwaso daga wajen Abala da ƙauyukan arewa sun cika azuzuwa har an kakkafa rumfunan zana a tsakar fili, kuma duk uban da ya kai ɗansa da safe yana so ya san akwai ƙofa, akwai mai tsaronta. Amma ni dai in na bi ta hanyar nan sai in tuna yadda wurin yake a da. Jikata ta ce mini yanzu ba kullum ake taron safe ba, in ma an yi a gaggauce ne, a ja tuta a kora kowa aji. Na tambaye ta ko mutanen da ke wucewa suna tsayawa. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare, ta ce su tsaya su yi me, su da ba su ma ganin abin da ake yi a ciki.

A zamaninmu shingen aguwa ne kawai, wanda bai wuce ƙugun babban mutum ba, awaki sun yi masa ƙofofi sun fi goma. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro. In aka dake shi da guntun ƙarfe, duk Filinge sai ta ji, tun daga masu fawa har matan da ke bakin rijiya. Kafin a buga shi mun riga mun share fili da tsintsiyar kaba, kowa ya cika gwangwaninsa ya shayar da ɗan icen da aka ba shi, don kowane yaro da nasa, kuma in naka ya bushe duk lakwal za ta sani. Daga nan sai jeri, gajeru a gaba, dogaye a baya, kowa ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar na gabansa. Malamai, waɗanda muke ce wa mushe, su bi layi suna duba farce da kai da bayan kunne. Ba zan yi ƙarya in ce duk daɗi ne ba. Akwai bulala, akwai sanyin da ke tsaga ƙafa, akwai yunwar wanda ya fito bai sha ko ragowar fura ba. Sai dai in babban yaron da ke ba da oda ya ɗaga murya ya ce "gardabu", wato a ƙame, ɗaruruwan ƙafafu suka haɗu a ƙasa tim, sai ka ji kai ma wani abu ne a duniya.

Daraktanmu, wato shugaban lakwal, Bazabarme ne daga bakin kogi, dogo, siriri, mai tari kafin ya yi magana. Bayan tuta ta hau yakan tsaya a gindinta ya yi mana ɗan jawabi, rabi da Faransanci, rabi da Hausarsa mai ɗingishi. A nan muke jin wanda uwarsa ba ta da lafiya, a ce ƴan ajinsu su biya su gaishe ta. A nan ake fito da biyun da suka yi dambe jiya a sa su riƙe hannun juna har a tashi, muna ƙunshe dariya. A nan kuma wanda ya tsinci abin wani ya maido ake kiran sunansa a tafa masa. Abin da ya fi tsana shi ne yaro ya yi masa magana kai a sunkuye. Yakan sa yatsa a haɓarka ya ɗago ta, ya ce ba a ƙasa yake ba, ga shi nan a tsaye. Mu kuwa ƴan ƙauye abin da aka fara koya mana a gida ke nan, in babba na magana ka nemi yatsun ƙafarka ka zuba musu ido. Sai muka zama masu wuya biyu, ɗaya na gida, ɗaya na lakwal, kuma har yau ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba.

Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa mini, mahaifin babana. Wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai a wancan lokaci ya san abin da wannan ke nufi. Kunya biyu ce ta haɗu a kaina. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle kuma sunan ya zama na wanda ya haife shi. Babana bai taɓa duka na ba, bai taɓa hana ni abinci ba, amma ban san launin idonsa ba. In yana son in kawo ruwa sai ya faɗa wa iska cewa a kawo ruwa. In an tambaye shi ni, sai ya ce yaron nan, yana duban wani wuri. Innata ma haka, sai dai ita takan saci kallo in ta ga babu kowa. Kakata ce kaɗai ke ja na a jiki, tana ce mini maigidanta, tana tsokanata wai na bar ta ba cefane. Sauran gida suna ce mini Baba Ƙarami. Har aka kawo ni gari wajen gwaggona, yayar babana, don in shiga lakwal, ban taɓa jin an kira ni da sunana na yanka ba.

Saboda haka ranar farko da Darakta ya tsaya a gaban jeri yana kiran sunaye, ya zo kan nawa, ban amsa ba. Na san sunan, amma a wurina na tsohon da ke kwance a maƙabarta ne. Har waigawa na yi in ga wane marar kunya ne zai amsa shi. Ya sake kira, ya kuma sakewa, sai wani ɗan ƙauyenmu da ke gaba da ni ya nuna ni da baki. Yara suka fashe da dariya. Darakta bai yi dariya ba. Ya tako har inda nake, ya ɗago haɓata, ya faɗi sunan a hankali a fuskata, ya ce daga yau nawa ne, in riƙe shi da kyau. Na yi kuka ranar, ban kuma san ko na kunya ne ko na wani abu ba. Amma a hankali sai na fara jiran wannan kira. Kowace safiya akwai wuri ɗaya a duniya da za a faɗi sunana da ƙarfi, a haɗa shi da na babana kamar yadda ake yi a lakwal, in amsa kowa ya ji. Muryata da ba ta wuce ta sauro ba ta fara fitowa. Na fara tambaya a aji. Na fara cin faɗa ma, wanda wannan ba abin alfahari ba ne.

Yau ɗana na fari yana ɗora tasa ƴar farin a gaban babur, yana ƙwala mata kira da sunanta tun daga ƙofar gida, har sumbatarta yake yi a gaban baƙi. Farkon ganin haka na ji kamar in nutse. Yanzu na saba, har ina ganin yarinyar ta fi mu sa'a, ko da yake shi ɗin har gobe ban iya furta sunansa ba, sai in ce babban gida. Abin da ya shiga jini ba ya fita don an yi karatu.

Jan tuta na safiyar Litinin shi ne babban matsayi a lakwal. Ba a ba ƙananan yara, kuma ba a ba wanda icensa ya bushe ko wanda aka kama da ƙarya. Aikin yana da wuyarsa. Dole tuta ta isa ƙololuwar sanda daidai lokacin da taken ƙasa ke ƙarewa. In ka yi sauri, sai ka tsaya riƙe da igiya kamar wawa ana ta waƙa. In ka yi nawa, sai ka ƙarasa da fizga, yara su yi ta kwaikwayonka har sati ya zagayo. Mun sha gwadawa a bayan gida da tsumma da igiyar guga. A shekarar da na shiga manyan aji, bayan an gama girbi, sai Darakta ya sanar a taro cewa Litinin mai zuwa ni ne. Na koma gidan gwaggo ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kasuwar Filinge ran Lahadi take ci. Mutanen ƙauye sukan zo da hatsi da wake da awaki, na wajen Imanan su zo da tabarmi da kanwa, waɗanda gidansu ke da nisa su kwana, su kama hanya da asubar Litinin tun rana ba ta yi zafi ba. Babana yakan zo jefi-jefi da jakinsa, ya sauka a zauren wani abokinsa, ya aiko wa gwaggo da ɗan abin da ya samu. Ba ya nemana, ni ma ba na zuwa inda yake, don haka aka saba. Wannan Lahadin kuwa da la'asar ya shigo gidan da kansa. Na gaishe shi daga nesa na fice. Sun daɗe suna magana a rumfa, shi da yayarsa. Da ya tafi sai ta kira ni, tana tankaɗe gari ba ta dube ni ba.

"Babanka ya taho da magana. Gobe tare za ku koma gida."

Na ce hutu bai yi ba.

"Ba hutu ba na. Ƙanenai ya tahi Kurmi ci-rani, shekara ta zagayo ba labari. Gona ta hi ƙarhin mutum guda, ga bisashe ba mai kiwo. Ya ce abin da ka karanta ya isa."

"Gwaggo, gobe ni ka jan tuta."

Ta dakata da rariyar. Mace ce mai faɗa, amma ranar muryarta ta yi laushi. "To tahi ka ja. In kun ƙare shina nan bakin lakwal, shi gaya ma Mushe, ku wuce. Kada ka yi min kuka, ba ni nay yanke ba."

Ban yi mata kuka ba, na bari sai da na je bayan rumbu. Ban kuma ji haushin babana ba, don na san gonar, na san faɗinta, na san yadda yake dawowa daga noma bayansa a sandare. Abin da ya cika mini ciki shi ne tunanin komawa inda ba ni da suna. Da safe gwaggo ta naɗe tabarmata da riguna biyu da ɗan bargona, ta ɗaure da igiya, ta aika aka kai wa babana ya ɗora a jaki.

A wancan zamani akwai doka: in tuta na hawa, duk mai wucewa sai ya tsaya cak ya fuskance ta har a gama. Mai keke ya sauka, mai kaya ya tsaya da kayansa a ka, mai magana ya yi shiru. Wanda ya yi taurin kai jandarma na iya koya masa hankali. Shi ya sa ƴan kasuwa ke yin sammako, ko su zaga ta bayan gari, don kada tuta ta kama su. Babana bai cika sanin wannan ba, shi da kan fita tun da duhu. Ya iso bakin shingen aguwa daidai lokacin da aka buga ƙarfe, yana janye da jaki, ƙunshin kayana a sama. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ke zama a wurin. Ita ce ta ce masa ya tsaya, ya juyo nan, kada ya motsa.

Darakta ya yi tarinsa, ya kira sunana haɗe da na babana, da ƙarfi yadda ya saba. Na amsa. Na fito daga jeri na taka zuwa gindin sanda. Da na kwance igiya na ɗaga kai, sai na gan shi. Tsakanina da shi bai fi jifan dutse ba, kuma babu komai a tsakani sai shingen nan. Doka ta ce ya dubi tuta, tuta kuwa tana hannuna. Babu inda zai kai idonsa. Aka ce gardabu, aka ɗauki waƙa, na fara ja.

Ban san yadda zan kwatanta wannan ba sai dai in faɗe shi yadda yake. Babana ya dube ni. Ba satar kallo ba, kallo na sosai, tun daga ƙafafuna masu faso har kaina da gwaggo ta aske. Tuta ta wuce kaina ta yi sama, ya kamata idonsa ya bi ta, amma bai bi ba. Ni ma da ya kamata in dubi sama, sai na kasa. Hannuwana ne kawai ke aiki, suna bin waƙar da kansu. A ranar na ga idonsa ja-ja ne kamar nawa, na ga akwai furfura a gemunsa da ban san da ita ba, na ga leɓensa na motsi kaɗan, ban sani ba ko addu'a yake yi. Na ji tausayinsa, na ji son sa, na kuma ji tsoron kada waƙar ta ƙare. Da ta zo ƙarshe sai na ji ƙarfen tuta ya taɓa kan sanda, ƙwas, daidai da kalmar ƙarshe. Ko a bayan gida ban taɓa dacewa haka ba.

Aka sallami jeri, yara suka nufi azuzuwa. Ni na tsaya ina ɗaure igiya, ina ja mata lokaci, don na san abin da ke biye. Darakta ya hangi baƙo a bakin shinge ya taka wurinsa. Ina jin su.

"Fofo, baba, sannu da hanya. Wane ne naka a cikinsu?"

Babana ya mai da idonsa ƙasa, inda ya saba ajiye shi. "Duk namu na, Mushe."

Darakta ya dubi ƙunshin da ke kan jaki, ya waigo ya dube ni, ya sake duban babana. Su ma Zabarmawa suna da irin wannan kunya, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya ce, "To, me ke tafe da kai?"

Jakin ya fara cin aguwa. Na riƙe sanda da hannu biyu.

"Babu komi," in ji babana. "Tuta tat tsai da ni, nac ce bari in gaishe ku."

Suka yi musafaha. Darakta ya juya ya daka mini tsawa wai me nake jira, in wuce aji. Ina tafiya ina waige. Na ga babana ya kwance ƙunshin daga kan jaki, ya ajiye shi a gefen mai ƙosai, ya ce mata ta ba mai shi. Bai dubi inda nake ba. Ya ja jakinsa ya kama hanyar ƙauye.

Na san abin da wannan ya ci masa. Daminar da ta biyo rabin gonar bai nomu ba, ciyawa ta cinye. Innata ta shiga gona da goyo a baya, ƙanwata ƙarama ta bi awaki. Da hutu nakan koma in kama hauya iya ƙarfina, amma hutu ba ya kaiwa girbi. Ba wanda ya taɓa ce mini saboda kai ne, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi a kan gori. Duk abin da na zama daga baya, ɗan aikin da na yi har na ajiye, gidan da nake zaune a ciki, a kan bayan mutumin nan aka gina shi. Har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, bai kuma taɓa tayar da maganar wannan safiya ba, ni ma ban tayar ba.

Darakta ma bai tayar mini da maganar ba. Sai dai daga wannan satin ya ce muryata ta isa, ni zan riƙa ba da odar gardabu kowace Litinin, a tsaye a gindin sanda, ina fuskantar hanya. Babana kuwa, wanda da sai a yi wata bai leƙo kasuwa ba, sai ya zama ba ya fashi in dai rani ne, ko da abin da zai sayar bai wuce daurin harawa ba. Abokan tafiyarsa su yi sallar asuba su wuce, shi ya tsaya gyaran kaya, ya tsaya neman igiya, ya tsaya sallama da mai masauki. Ana buga ƙarfe sai ga shi a bakin shinge, doka ta kama shi. Yara har sun san shi, suna ce masa tsohon tuta, ba su san ko uban wa ne ba.

Wata safiya, bayan an sallame mu, na ji mai ƙosai tana yi masa tsiya tana juya mai a kasko.

"Malam, kai dai ba ka jin magana. Mutane na sammako su wuce abinsu, kai kullum sai tuta ta kama ka. Ga rana za ka sha a hanya."

Babana ya gyara zaman buhu a bayan dabbarsa, ya ce, "Jakin ga ba shi da sauri."

Jakin nan kuwa, duk ƙauyenmu babu wanda ke kamo shi a tafiya.